Kalmar “Albasa” a Adar da Gobir Tudu: Asalinta, Ma'anoninta da Shaidar da Take Bai wa Mai Nazarin Tarihi

Taƙaitawa

Wannan takarda ta bi diddigin kalmar “albasa” a Hausar gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa. An duba tushenta na Larabci, da hanyar da ta biyo, da yadda ta zama ma'aunin da ake raɗa wa tsire-tsiren daji masu kai da fure suna da shi. An kuma kwatanta ta da “lawashi”, “gabu” da “gadali”. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, baƙuwar kalma ta kasuwa ce ta zama uwar gida, har tsire-tsiren da ta tarar a ƙasar suka koma ana kiran su da sunanta.

1.0 Gabatarwa

Tsakanin watan Maris da na Afrilu, duk wanda ya ratsa kwarin Tarka daga Karofan zuwa Sabon Gida, ko ya gangara kwarin Keita ta Tamaske, zai tarar da albasa jibge a bakin garake, wata ana cusa ta a buhu, wata ana kai ta rudu don ajiya. Wajen shekarar 2020 abin da Nijar ke nomawa ya haura tan miliyan 1 a shekara, kuma kaso mafi tsoka daga jihar Tawa yake fitowa. Saboda haka masana noma da na tattalin arziki sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan amfanin gona. Ita kuwa kalmar kanta, galibi layi ɗaya ake ba ta a ƙamus, a ce daga Larabci take, a wuce.

Wannan bayani daidai ne, sai dai ya bar tambayoyi uku a buɗe. Ta farko, ta wace hanya kalmar ta iso, ta bakin fatake ko ta allon malamai? Ta biyu, me ya sa siffarta ta saɓa wa ta sauran kalmomin aro masu irin ƙarshenta? Ta uku, yaya aka yi sunan abin da ake shukawa a garka ya rufe tsire-tsiren daji da suka riga shi zama a ƙasar? Amsa waɗannan tambayoyi na da amfani ga mai nazarin tarihin Adar, domin rubutattun bayanai a kan noman rani kafin zuwan Nasara kaɗan ne, kuma sau da yawa sunan tsiro shi ne tsohuwar shaidar da ta rage.

A cikin wannan takarda, “tsiro mai kai” na nufin duk tsiron da ke da dunƙulallen kai mai ɓawo bisa ɓawo a ƙarƙashin ƙasa, wanda yake fitar da ganye da fure daga cikinsa, wato abin da Faransanci ke kira “bulbe”. An jingina bayanan a kan ƙamusun Bargery (1934) da Abraham (1949), da jerin sunayen tsirrai na Dalziel (1916), da aikin Caron (1991) kan Hausar Adar, da na Hamani (1975) da Echard (1975) kan tarihin yankin.

2.0 Asalin Kalmar

2.1 Tushen Larabci

Albasa (Allium cepa) ba tsiron Afirka ta Yamma ba ce. Masana tsirrai sun danganta asalinta da tsakiyar Asiya, kuma an noma ta a Masar tun zamanin Fir'aunoni. Sunanta a Larabci “baṣal” ne, guda ɗaya kuma “baṣala”. Tushen b-ṣ-l tsoho ne a dangin harsunan da Larabci ke ciki, domin ana samun sa a Ibrananci da ma'ana iri ɗaya. Har ila yau, kalmar “aẓalim” da Barbar na kudancin Maroko ke amfani da ita, masana sun nuna cewa daga harshen mutanen Kartaj aka aro ta, daga wannan tushe, ƙarnoni kafin Musulunci. Daga baya wasu Barbar, kamar Kabilawan Aljeriya, suka sake aro ta daga Larabci a matsayin “lebṣel”. Ke nan tushe ɗaya ya shiga arewacin Afirka har sau biyu, a zamuna biyu. Za a ga amfanin wannan misali a sashe na 4.0.

Hausa ta karɓi kalmar tare da alif da lam na ma'arifa, wato “al-baṣal”. Da yake harafin ba'un yana cikin haruffan da ba su haɗiye lam, sai lam ɗin ya fito sarari. A kwatanta:

(1) albasa (al-baṣal), alkama (al-qamḥ), alƙalami (al-qalam), aljihu (al-jayb), almakashi (al-miqaṣṣ)
(2) attajiri (at-tājir), addini (ad-dīn), annabi (an-nabī), azzalumi (aẓ-ẓālim)

Sadin Larabci ya koma “s”, kamar yadda ya faru a “asuba” da “sadaka”. Karin sautin kalmar ƙasa-sama-ƙasa ne, kuma da yake ta ƙare da wasalin “a”, sai Hausa ta sanya ta cikin jinsin tamata, alhali a Larabci “baṣal” namiji ne.

2.2 Ta baki ko ta littafi?

Greenberg (1947) ya kasa kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci gida biyu: tsofaffi waɗanda suka shigo daga Larabcin baka, da na baya waɗanda suka shigo daga Larabcin littafi ta hannun malamai. Alif da lam da suka manne wa kalma na daga cikin alamomin kaso na farko. Hiskett (1965) ya yi ƙoƙarin ɗora wannan rabo a kan tarihin yaɗuwar Musulunci da karatu a ƙasar Hausa.

Dangane da albasa, akwai wata hujja da ke ƙarfafa cewa ta baki ta shigo. Sunan albasa ya zo a cikin Alƙur'ani, a aya ta 61 ta Suratul Baƙara, inda aka jera ta da wasu kayan lambu, ciki har da “adas” da “ƙissa'u”. A wurin kalmar ba ta ɗauke da alif da lam. Almajirai suna bi ta kan wannan aya a karatunsu, amma sauran sunayen da ke cikinta ba su zama kalmomin kasuwa a Hausa ba. Da karatu ne ya kawo sunan, da siffarsa ta kasance “basal” ko “basali”, da kuma maƙwabtansa na cikin ayar sun biyo shi. Haka nan tafarnuwa, wadda ake shuka ta kusa da albasa kuma hadisai suka ambace su tare wajen hana shiga masallaci da warinsu, ba ta ɗauki sunanta na Larabci, “thūm”, ba. Wannan na nuna cewa suna yana bin kaya ne, kuma wanda ya kawo kayan shi ke kawo sunan.

Abin lura kuma shi ne abokiyar tafiyar albasa, wato alkama. Dukansu amfanin rani ne, dukansu ban ruwa suke so da jigo ko ƙwarya a lokacin ɗari, dukansu kuma suna ɗauke da “al”. Da wuya wannan ya zama katari. Ya fi kama da cewa sun zo ne cikin wata al'adar noman garka guda ɗaya da ta biyo ayarin Sahara.

3.0 Hanyar da Kalmar ta Biyo

Rubutacciyar shaida ta nuna cewa albasa ta daɗe a ƙasashen Sudan. Al-Umari, wanda ya rubuta bayanin daular Mali wajen 1337, ya ambaci albasa da tafarnuwa cikin kayan lambun ƙasar. A ƙarni na 19 kuma, Barth ya yaba girman albasar Gwandu lokacin da ya sauka can a 1853. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai tazarar fiye da shekara 500, kuma a nan ne kwatanta harsuna yake da amfani. Ga sunan albasa a wasu harsunan yankin:

(3) Zabarmanci: albasan
(4) Barebari: luwasar
(5) Nufanci: lubasa
(6) Yarbanci: alubosa
(7) Harshen Ibo: yabasi
(8) Harshen Ewe: sabala, harshen Ga: sabolai, harshen Wolof: soble
(9) Bambaranci: jaba

Misalan (8) daga “cebola” na harshen Fotugal suke, wato ta teku suka shigo bayan ƙarni na 15. Misalan (3) zuwa (7) kuwa duk na tushen Larabci ne. Idan aka zana su a taswira, za a ga iyakar kasuwar Sahara da ta bakin teku. Siffofin Nufanci, Yarbanci da Ibo duk sun rasa baƙin ƙarshe kamar ta Hausa, abin da ke nuna cewa Hausa ce ta miƙa musu kalmar ta hanyar fataucin kudu.

Saura tambayar wanda ya miƙa wa Hausa. Greenberg (1960) ya nuna cewa kalmomi da dama, kamar “kasuwa” da “rubutu”, ta Barno suka iso. Albasa ba ta cikinsu, domin a Barebari wasalin farko ya faɗi, “b” kuma ya koma “w”, alhali Hausa ta riƙe duka biyu. Siffar Hausa ta fi kusa da ta Zabarmanci.

A nan ne matsalar baƙin ƙarshe take da muhimmanci. Al'adar Hausa, idan ta aro kalmar Larabci mai ƙarewa da lam, ita ce ta ƙara mata wasalin “i”:

(10) asali (aṣl), misali (mithāl), dalili (dalīl), hali (ḥāl), hankali (ʿaql)

Bisa wannan ƙa'ida, “albasali” ya kamata a samu. Rashin samun ta na bukatar bayani. Shawarar da wannan takarda ke kawowa ita ce, Hausa ta ji kalmar ne daga bakin masu harshen Sangai, inda lam ɗin ya riga ya koma “n”. Kunnen Bahaushe kuwa, idan ya ji “albasan”, zai ɗauki “n” ɗin a matsayin mahaɗi ko madanganci irin na “gidan” da “ruwan”, ya cire shi, ya bar “albasa”. Da kalmar ta zauna da “a” a ƙarshe, sai ta bi sahun “alkama” zuwa jinsin tamata, mahaɗinta ya koma “r”.

Tarihi bai saɓa wa wannan shawara ba. Littafin tarihin Kano ya sanya zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Askiya Muhammadu ya kai yaƙi Agadas a farkon ƙarni na 16, kuma har 1850 Barth ya tarar ana magana da wani reshen harshen Sangai a birnin. Ɗan'uwansa Tasawak yana nan a Ingal. Adar kuwa tana tsakanin Abzin da Kabi, a kan hanyar da ayari ke bi. Bisa bayanin Hamani (1975), Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak ya ci Adar a 1674, ya kafa sarautar da ta ɗaure yankin da Agadas, yayin da Kel Geres suka sauka daga baya a ƙasar Madawa ta yau, wajen Galma da Azarori. Saboda haka kwarurrukan Majiya, Keita da Tarka ba su kasance ƙarshen hanyar kalmar ba. Suna kan mashigarta ne, ko ta yamma ta biyo ko ta arewa.

Sai dai wajibi ne a yi hattara da abu ɗaya. Tsufan kalma a harshe ba ya tabbatar da tsufan noma a wani kwari. Mutane na iya sanin sunan abu a kasuwa shekaru aru-aru kafin su shuka shi. Abin da kalmar ke shaida shi ne hanya da irin mutanen da suka kawo ta. Shekarar da aka fara dasa albasa a Tamaske ko Tunfafi kuwa, tarihin baka na zuriyoyin masu garake da tarihin rijiyoyi ne za su faɗe ta.

4.0 Lawashi da Gabu

Hausa na da wasu kalmomi biyu da suka keɓanta ga albasa. “Lawashi” shi ne ɗanyen ganyenta, “gabu” kuwa ganyen ne da aka daka, aka cura, aka shanya don miya. Dalziel (1916) ya kawo su duka biyu.

Idan aka ajiye “lawashi” kusa da “luwasar” na Barebari, kamar ta fito fili. Ana iya bayyana kowane mataki da ƙa'idojin da aka riga aka sani. Alif da lam da suka koma “l” kawai sanannen abu ne a tsofaffin kalmomin aro, kamar “liman”, “lahira”, “lardi” da “laifi”. Komawar “b” zuwa “w” tsakanin wasula ɗabi'ar Barebari ce. Ganɗantawar “s” zuwa “sh” kafin “i” kuwa ƙa'idar Hausa ce ta yau da kullum, kamar a “kasa” da “kashi”. Idan wannan ya tabbata, to Hausa ta aro “al-baṣal” sau biyu ke nan, kamar yadda Barbar suka yi: sau ɗaya ta yamma ko arewa, sau ɗaya ta gabas. Da kalmomin biyu suka haɗu a baki ɗaya, sai suka raba gado, ɗaya ta ɗauki kai, ɗaya ta ɗauki ganye.

“Gabu” ba ta da alaƙa da Larabci, kuma Hausa na tarayya da Zabarmanci a kanta. Muhimmancinta ga tarihi shi ne, kafin zuwan manyan motoci, ɗanyar albasa kaya ce mai nauyi mai saurin ruɓa, gabu kuwa ba shi da nauyi kuma yana shekara bai lalace ba. A wannan siffa ce ɗanɗanon albasa ya fi saurin kai wa ƙauyukan tudu inda babu garka. Duk wanda zai rubuta tarihin cinikin albasa a Adar kafin 1950, ya kamata ya bi sawun gabu tukuna.

5.0 Albasar da ba ta Garka ba

5.1 Albasar kwaɗi da albasar kura

Tun kafin albasar garka ta iso, akwai tsire-tsire masu kai a dajin Sahel da na Sudan. Suna kwana a ƙasa duk tsawon rani, da ruwan fari ya sauka sai su fito da fure. Ga sunayen da Dalziel (1916) ya rubuta:

(11) albasar kwaɗi: dangin Crinum, mai babban farin fure da jan zane a tsakiyar kowane kunne
(12) albasar kura, ko albasar gizo: dangin Urginea, waɗanda a yau ake sanyawa cikin Drimia, tare da wasu masu kama da su kamar Dipcadi
(13) hatsin manoma: Pancratium trianthum, mai farin fure da ke fitowa da ruwan fari

A karin harshen yamma, wanda Adar da Gobir ke ciki, mahaɗin tamata yana nashewa cikin baƙin da ke biye, don haka abin da kunne ke ji shi ne “albasak kura” da “albasag gizo”. Mai tattara sunaye a Buza ko Keita ya kamata ya rubuta su yadda aka furta, kafin ya daidaita su da Hausar ƙamus.

Tsarin waɗannan sunaye sananne ne: a ɗauki sunan abin da mutum ke ci, a jingina shi ga dabba ko daji, don a nuna cewa kama ce kawai, ba na ci ba ne.

(14) gautan kura, waken gizo, gyaɗar awaki, dawar kada, rogon daji

Zaɓen dabbar ma ba a banza yake ba. Kwaɗo yana nuna mazauni da lokaci, domin Crinum tsiron fadama ne da bakin tabki, kuma furensa na fitowa ne daidai lokacin da kwaɗi ke kuka. Kura na nuna abin ƙi da haɗari. Gizo kuwa, kamar a tatsuniya, yana nuna yaudara, wato abin da ya yi kama da na gaske alhali jabu ne. Binciken magunguna ya gaskata wannan gargaɗi: kan Drimia na ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, suna kuma kashe dabbobi idan suka ci, kan Crinum kuma na da sinadarin “lycorine” mai sa amai. Sunan da kansa darasi ne ga yaro makiyayi.

Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba. Larabawa na kiran Drimia maritima “baṣal al-fa'r”, wato albasar ɓera, saboda ana kashe ɓeraye da ita. Faransanci ma na cewa “oignon de tulipe” ga kan furen tulip. A harsunan uku, albasa ce ta zama abin kwatance ga duk wani tsiro mai kai.

5.2 Wa ya riga wani?

A irin sunayen da ke (14), ba kullum ake iya sanin inda aron ya fuskanta ba. Rogo da gyaɗa daga Amurka ta Kudu suka zo bayan 1500, amma sunayensu na Hausa ba su yi kama da na wani harshen Turai ko na Amurka ba. Yana yiwuwa tsiron daji ne ya fara riƙe sunan, baƙon ya ƙwace, sannan aka ƙara wa mai asalin sunan “daji” ko “awaki” don a bambanta. A sha'anin albasa babu wannan shakka, domin kalmar Larabci ce, kuma a Larabcin ma sunan abin garka ce. Saboda haka “albasar kwaɗi” da “albasar kura” ba za su girmi zuwan albasar garka ba. Tsire-tsiren tsofaffi ne, sunayensu ne sababbi, kuma wannan na nufin sun maye gurbin wasu sunaye da suka gabace su.

“Hatsin manoma” na iya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira. Ba a kwatanta shi da albasa ba ko kaɗan. An dubi lokacin fitowarsa ne, aka ɗaure shi da shuka da fatan damina. Irin wannan suna ya fi dacewa da tunanin manoman hatsi irin Aznan Adar da Echard (1975) ta yi nazari, waɗanda kalandarsu ke rataye a kan ruwan fari. Jerin tsirran magani na Hausawan Adar da Adam, Echard da Lescot suka buga a 1972 wuri ne da ya dace a fara neman sauran irin waɗannan sunaye.

5.3 Gadali

Kalma ta ƙarshe a wannan fage ita ce “gadali”. A bakin Hausawa, gadali tsiro ne mai kai da ake dasawa a tukunya ko a lungun gida, ana ba shi ruwa ana kula da shi, don neman farin jini, ko kasuwa, ko mallaka, ko tsari. Sau da yawa tsiron da ke cikin tukunyar Crinum ne, wato shi ne dai albasar kwaɗi. A Fulatanci akwai “gaadal”, wadda ƙamusun Tourneux da Daïrou (1998) ya nuna tana rufe tsirrai daban-daban da ake riƙo don asiri. Ƙarshen “-al” ɗafin ajin suna ne a Fulatanci, Hausa kuma ta ƙara “i” bisa ƙa'idar da aka gani a (10). Wannan na nuna cewa daga Fulani kalmar ta zo.

Abin sha'awa a nan shi ne tsiro ɗaya na da suna biyu gwargwadon inda yake. A fadama, inda ba mai shi, albasar kwaɗi ne, abin raini. A tukunya, inda yake da mai shi da aikin da aka ɗora masa, gadali ne, abin tsoro. “Albasa” na duban siffa, “gadali” na duban aiki. Mai bincike da ya tambayi boka sunan tsiron, sannan ya tambayi manomi, zai iya rubuta tsiro biyu a inda ɗaya ne, ko ya haɗa biyar a ƙarƙashin suna ɗaya.

6.0 Albasa a Karin Magana

Alamar cewa kalmar aro ta zama ƴar gida ita ce shigarta karin magana. Hausawa na cewa “albasa ba ta yi halin ruwa ba” ga ɗan da bai gaji halin iyayensa na kirki ba. Hoton da ke cikin maganar na mai garka ne: ruwa mai daɗi marar wari ake ba ta kullum, ta fito da yaji da wari. Sai al'ummar da ta san ban ruwa za ta ƙirƙiri wannan magana. Haka kuma ana cewa “kada ka ari bakina ka ci mini albasa” ga wanda ya faɗi magana da sunan wani, ya bar shi da warinta. A duka biyun, wari da yaji ne ma'anar da aka ɗauka, ba fure ba, ko da yake albasa na yin farin fure mai kyau a shekararta ta biyu, lokacin da manomi ya mayar da kai ƙasa don ya sami iri.

7.0 Daga Sunan Tsiro zuwa Sunan Kasuwa

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 kalmar ta sami sabon nauyi. Cibiyar binciken noma ta Faransa, IRAT, ta tace irin albasar kwarin Majiya, aikin da Nabos (1976) ya ba da rahotonsa, kuma irin ya yaɗu a Afirka ta Yamma da sunan “Violet de Galmi”. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, a shekarar ce kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya. Karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994 ta ƙara wa albasar Nijar kasuwa a Abijan da sauran biranen bakin teku, saboda wadda ake kawowa daga Turai ta yi tsada. A Ankara ta Gana kuwa, kasuwar albasa ta Agbogbloshie, inda ƴan Nijar ke da ƙarfi, ta kai girman da hukuma ta tashe ta zuwa Adjen Kotoku a 2021.

Galmi kanta ba ta cikin gundumomi ukun da ake magana a kansu; tana cikin gundumar Malbaza, wadda aka cire daga ta Ƙwanni a 2011. Amma albasa mai yawa da ake sayarwa da sunan Galmi, a kwarin Tarka da na Keita ake noma ta. Manoma kuwa na da nasu tsarin suna. Binciken Abdou da abokan aikinsa (2014) ya nuna cewa launin kai da garin da iri ya fito su ne manyan abubuwan da manoman Nijar ke dubawa wajen raɗa suna, kamar a ce ja ko fara, ko a ce ƴar gari kaza. Wato tsarin jingina suna da aka gani a “albasar kwaɗi” yana nan da ransa, sai dai gari ya maye gurbin dabba.

Cewa suna dukiya ne ya fito fili a ƙarshen shekarun 2000, lokacin da wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal ya nemi hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, da ke Yawunde, ta ba shi haƙƙin mallakar iri da sunan “Violet de Galmi”. Manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi amincewa, kamfanin ya sauya wa irinsa suna. A farkon shekarun 2020 OAPI ta yi wa sunan rajista a matsayin tambarin asalin wuri na Nijar. Irin wannan rajista na tilasta a shata iyakar ƙasar da ke da haƙƙin sunan, kuma hujjar shata iyaka daga tarihi ake ɗauko ta. Manomin Arewa ta Madawa ko na Tamaske yana da ruwa da tsaki a yadda aka rubuta wannan tarihi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa “albasa” ta fito daga “al-baṣal”, ta shigo ta bakin fatake tare da alkama, kuma siffarta ta fi nuna hanyar Sangai da Agadas bisa ta Barno. An kawo shawarar cewa “lawashi” tagwaicinta ce da ta biyo ta gabas. An kuma ga yadda ta rufe tsoffin sunayen tsire-tsire masu kai, ta bar “hatsin manoma” da “gadali” a gefe, kowanne da fagensa. Aikin da ke gaba na fili ne: a bi garuruwan Madawa, Buza da Keita a farkon damina, lokacin da waɗannan tsirrai ke fure, a tattara sunayensu daga manoma, makiyaya, mata masu sayar da gabu da masu magani, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a haɗa kowane suna da samfurin tsironsa. Tsofaffin da suka san garka tun zamanin jigo, kafin injin ban ruwa, su ya kamata a fara tambaya.